Burodi, cuku da mangwaro: karin kumallon da kayansa ke ƙofar gida

Duk wanda ya yi sammako ya bi babbar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, zai ga abin da mutanen jihar Maraɗi ta Nijar ke karya kumallo da shi ba sai ya tambayi kowa ba. Ga mai koko da ƙosai a bakin lungu, ga mai masa tana juya tanda, ga yara da kwanon ɗumame. A bakin tasha kuwa teburin mai shayi ne sarki: dogon burodi irin na Faransa ko mai taushin nan da ke shigowa daga Najeriya, a tsaga shi a shafa bota ko mayonis, a haɗa da shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali uku. Abu biyu ne ba za ka gani a teburin ba, cuku da ƴaƴan itace, alhali shanu na wucewa ta bayan rumfar, mai tallar mangwaro kuma tana tsallaken hanya.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani karin kumallo na gaggawa da ya karɓu, musamman wajen ma'aikata da ɗalibai. Ana gasa yankan burodi, a shimfiɗa masa farin cuku mai laushi wanda bai kwana biyu ba, a jera yankakkun ƴaƴan itace a kai, wani ya ɗiga zuma. Minti biyar an gama. Matasanmu na ganinsa a Facebook da TikTok su ce abincin ƴan gayu ne. A ganina sun yi saurin yanke hukunci. In aka kawar da farantin tangaran da hasken kyamara, abin da ya rage haɗi ne na abu uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki. Biyu daga ciki ƙasar nan ce ke samar da su, burodin ne kaɗai baƙo.

Kada a ɗauka raina abincin gida ake yi. Koko da ƙosai haɗi ne na hikima, domin wake na cike giɓin da gero ya bari, fura da nono kuwa ba ta da abin kushewa in nonon ya ji. Matsalar tana gidan da kokon ke tafiya shi kaɗai, tsararo, ko furar da aka dama da ruwa da ɗan tsami don nono ya yi tsada. Ciki zai cika, amma kafin hantsi ya dubi ludayi yaro ya fara hamma a aji. Jihar Maraɗi ta san wannan ciwo fiye da kowa. A shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a wannan jiha da ake kira rumbun ƙasa. A 2007 kuma, a gundumar Gidan Rumji kaɗai, ta riƙa raba wa yara wajen 60,000 ƴan wata 6 zuwa shekara 3 wani abinci na kariya duk wata, tun daga bazara har kaka. Me ke cikin abincin? Gyaɗa, mai, sukari, bitamin, da garin madara. Gyaɗa dai Maraɗi ce gidanta. Madarar ce aka ɗauko daga nesa aka kawo wa ƙasar makiyaya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Cuku ba baƙo ba ne a Nijar. Buzaye da Fulanin arewa, har da na Dakoro da Bermo a cikin jihar nan, sun daɗe suna yin busasshen cukun nan mai fale-fale da zanen tabarma a jikinsa. Suna daskarar da madara da wani ruwa da ake samu daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan nono, su shanya a rana, ya yi watanni bai lalace ba. A kudu, Fulanin Binin da na ƙasar Yarbawa na yin wara da ruwan tumfafiya, su dafa shi, wasu su rina bayansa da jan karan dafi. Abin da bai yaɗu a gidajenmu ba shi ne nau'i na uku, wanda ya fi duka sauƙi: ɗanyen cuku na tsami, wanda ake yi yau a cinye yau.

Yadda abin ke faruwa a cikin tukunya ya cancanci a tsaya a kansa. Madarar saniya kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Furotin, wato sinadarin gina jiki, bai wuce kashi 3 da ɗan ɗoriya ba, kuma kashi huɗu cikin biyar na wannan furotin wani nau'i ne da ake kira kasin. Kasin na yawo a madara cikin ƙananan dunƙule da ido ba ya gani, kowane na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na ɗan'uwansa, don haka suna ture juna, ba sa haɗuwa. Shi ya sa madara ke zama ruwa. Masana na auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru. Sabuwar madara tana wajen 6.7. Da an zuba tsami lambar ta gangaro kusa da 4.6, cajin nan sai ya mutu, dunƙulen su manne da juna, su kama kitse a tsakaninsu, su rabu da ruwa. Kindirmo ma haka yake samuwa, sai dai shi ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke cin sukarin madara su mai da shi tsami a hankali cikin dare. Cukun da Amurkawa ke sa wa burodinsu ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi ake yinsa a masana'anta. Mai gaggawa ba sai ta jira dare ba, lemun tsami da zafin wuta sun isa, kuma haka Indiyawa ke yin nasu cukun a gida.

A ɗora litar madara a wuta ana motsawa har ta tafasa, a sauke, a ba ta minti biyu ko uku. A matsa lemun tsami kamar babban cokali biyu zuwa uku, a zuba a juya sau ɗaya a hankali, a ƙyale. Nan take za a ga farin abu na tattaruwa gungu-gungu, ruwan na komawa garau mai ɗan launin rawaya. In ruwan ya ci gaba da fari, tsamin bai isa ba, a ƙara kaɗan. Bayan minti goma a juye a ƙyalle mai tsabta da aka shimfiɗa kan rariya, a bari ya tsane ba tare da matsewa da ƙarfi ba. A barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, a gauraya da cokali ɗaya na kindirmo don ya yi santsi. Lita ɗaya na ba da giram 150 zuwa 200, wanda zai shafe burodin mutum uku ko huɗu. Ruwan tsamiya da aka tace ma yana yi, sai dai cukun zai ɗan yi duhu. Tumfafiya kam a bar wa waɗanda suka gaje ta, ƙaronta guba ne, in ya faɗa ido yana iya yin ɓarna.

Ruwan da ya tsane kada a zubar. Yawancin sukarin madara da wani kaso mai yawa na kalsiyam, sinadarin ƙashi da haƙori, can suke komawa in da tsami aka daskarar. A dama koko da shi, ko a yi kwaɓin fanke. Wannan rabuwa tana da wani amfani kuma: mutanen da sabuwar madara ke kumbura wa ciki, sukarin ne jikinsu ba ya iya narkarwa, saboda haka da yawansu za su ci cukun lafiya lau.

Sharaɗi biyu ne ba a wasa da su. Na farko tafasawa. Ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale, wadda ke sa dabba ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Masana'antu na kashe ƙwayoyin da zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, bisa hanyar da ta samo asali daga binciken Louis Pasteur a Faransa cikin shekarun 1860. A gida babu ma'aunin zafi, tafasa ɗaya ta wadatar. Na biyu shi ne lokaci. A watannin Afirilu da Mayu zafin Maraɗi na haura digiri 40, kuma a irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin cuta na ninka yawansu duk minti 20. Ɗanyen cuku ga laima ga abinci, babu wurin da suka fi so. Mai firji zai ajiye shi kwana biyu ko uku. Wanda ba shi da shi ya yi daidai cin safiyar. Ko dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Muhammad Bah Abba ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tumatir da ganye take tsarewa, sanyinta bai kai na cuku ba.

Burodi kuwa na jiya ya fi dacewa, kuma nan ne gashi ke da rana. Taurin burodin da ya kwana ba bushewa kaɗai ba ne, sitacin cikinsa ne ke sake ɗaurewa bayan ya huce, zafi kuma na kwance shi. A yanka, a ɗora kan kasko ko tanda marar mai bisa garwashi, minti ɗaya ko biyu kowane gefe. Da fuskar burodin ta haura digiri 140, sukari da furotin na cikinsa sai su haɗu su ba da launin zuma da ƙamshin da kowa ya sani, irin wanda ke tashi daga tukubar mai tsire. Wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwa a 1912. A tsaya a launin zuma, kada a kai baƙi. In kuma burodin ya fara fumfuna, wuta ba ta gyara shi.

Wajen ƴaƴan itace ne lissafin ke ɗan rikicewa. Mangwaro na cika kasuwannin Gazawa da Tsibiri a bazara, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu suka rame, nono ya yi wuya. Nono na yalwata da damina, lokacin mangwaro ya ja baya. Masu cike giɓin su ne jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta sani saboda fatarta amma matan karkara suka fi saninta da tagwaye da nono, sai kuma madarar gari, wadda ita ma tana daskarewa da tsami in aka dama ta da kauri. Sai dai a duba buhun, domin da yawa daga mai arhar an cire mata man shanu an maye da man ja da aka tace. In babu mangwaro akwai gwaba, wadda bitamin C na cikinta ya ninka na lemun zaƙi kusan sau huɗu. Akwai gwanda, kankana, ayabar da motoci ke haurowa da ita daga kudu, da dabino da ba ya yankewa duk shekara, wanda in an yayyanka shi ba a bukatar sukari ko zuma. A ƙauyukan Agye irin su Ɗan Saga, inda manoma suka raya itatuwan gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture tun daga shekarun 1980, da kwarin Gulbin Kaba mai goruba, akwai kayan barbaɗawa na gida: garin kuka mai tsami-tsami, garin magarya, garin goruba, soyayyen riɗi, ayar Cadawa da aka daka. Kowanne a barbaɗa shi kan cuku ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya na son kowane baligi ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Mu kuwa mun mai da su kayan marmari, na mai azumi da marar lafiya da yara a gindin bishiya.

Wani abu da masu shayi ba za su so ji ba: ganyen shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, bitamin C kuma na taimaka masa. Mai ciki da yarinya mai tasowa, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa, gara su ci gwabarsu tare da abinci, su jinkirta shayin zuwa awa ɗaya. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, wanda bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan burodi ne mai rauni. Alkamar da ake nomawa a lambunan Agadas da fadamun Ƙonni ba ta kusa isar ƙasa ba, yawancin fulawa daga waje take zuwa. Mun ga yadda farashinta ya tashi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022, da kuma lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Magidanci mai baki goma a Cadakori ko Gangara ba zai sayi burodi kullum ba, kuma babu dalilin da zai sa ya saya. Masar gero ko ta shinkafa da ta fito daga tanda da zafinta tana ɗaukar cuku da mangwaro fiye da burodi, ga ta da ɗan tsamin da ke tafiya da su. Gasasshen dankalin Hausa ma haka.

Masu koko da masa na bakin makarantu, da ƙungiyoyin mata masu kiwon awaki a jihar nan, su suka fi kowa kusa da wannan sana'a. Wuta na kunne a gabansu tun asuba, lemun tsami na kasuwa, masu saye kuma na tsaye a layi. Su gwada da lita ɗaya.