Sanda huɗu ba shaidar ingancin layi ba ce

Ɗalibaina na Tsafe da Bungudu kuka ɗaya suke kawo mini: na'urar intanet ta gida tana nuna sanda huɗu cif, amma da magariba ta yi sai layi ya riƙa tsinkewa ana tsakiyar tura aikin makaranta.

Sandunan nan ƙarfin sigina kaɗai suke nunawa. Abin da ke riƙe layi shi ne tazarar da ke tsakanin sigina da hayaniyar da ta dabaibaye ta. Mai magana a tsakiyar kasuwar Gusau ya san ɗaga murya ba ya wadatarwa idan kowa ihu yake yi. Da dB ake auna tazarar, kuma tana shafin saitin na'urar da sunan SINR. Sama da 20, lafiya lau; idan ta doshi sifili, tsinkewa ta kusa. Da dare jama'a ke yi wa turakun sadarwa rubdugu, sai hayaniya ta ƙaru.

Mu da muka ɗanɗana rufe layukan Zamfara a Satumban 2021 ba ma wasa da layi. Kafin ka ƙara sayen data, mayar da na'urar bakin tagar da ke fuskantar turke, nesa da kwanon rufi, sannan ka sake duba lambar.