Haske Yana Tayar da Magani, Yana Kuma Lalata Shi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san halin ruwan maganin da ake ƙara masa: yana dukan ƙari, amma bai bar gashi da hanji da jini ba. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman maganin da zai shiga jiki yana barci, ba zai farka ba sai an haska daidai inda ciwon yake.

Sun kuwa samu. A 1993 Kanada ta amince da Photofrin don dajin mafitsara. Allura ake yi wa mutum, a jira kamar kwana biyu maganin ya taru cikin ƙarin, sannan a zura siririyar waya mai fitar da jan haske. Inda hasken ya sauka, maganin sai ya mai da iskar oksijin ta wurin dafi mai kashe ƙwayoyin dajin. A 2020 Japan ta amince da Akalux don dajin kai da wuya. Sai dai hasken ba ya shiga nama da nisa, kuma wanda aka yi wa Photofrin dole ya ƙaurace wa rana aƙalla wata guda, in ba haka ba fatarsa ta ƙone.

Nan ne zancen ya zo gida, domin ranar da ke dukan garin Gwiwa ma haske ce, kuma ba ta da makunni. Manomin da ke shan doxycycline ya wuni yana noma, wuyansa da hannuwansa na iya yin raɗaɗi kamar ƙuna. Ba sammu ba ne. Ya sa malafa da riga mai dogon hannu, ya koma wurin wanda ya rubuta masa maganin.

Dubi kuma mai tallar magani ranar kasuwa, tirensa a buɗe tun hantsi har la'asar. Kwalba mai ruwan ƙasa ba don ado aka yi ta ba. Nifedipine na hawan jini haske yana lalata shi, sai Baba ya yi ta sha, jini yana nan a sama.

In wani ya zo da na'ura mai jan fitila yana cewa tana narkar da ƙari, ku riƙe kuɗinku. Mai kumburin da ya ƙi tafiya a kai shi Babban Asibitin Kazaure, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Asibitin Malam Aminu Kano.