Don mi icce ke zubda ganye?

In ɗari ya shigo, kuka tana zubda ganyenta duka. Ba mutuwa ta yi ba. Ta ganye ne ruwan jikin icce ke fita. In babu ganye, ruwan zai kai ta damina.

A gindin kowane ganye, inda ya kama reshe, akwai ƴar gaɓa. In lokaci ya yi, icce ya janye abincin da ke cikin ganyen. Gaɓar ta yi rauni, iska ta kaɗo shi. Icce ya toshe wurin don kada cuta ta shiga. Hakanan fure da nunannun ƴaƴa ke faɗuwa. Masana na kiran wannan "absisiyon", kalmar Latin, watau yankewa daga jiki.

Gawo shi daban ne. Da damina yake zubda nasa. Ganyen ya zama taki, rana ta sami hatsin da ke ƙarƙashinsa. Da rani ya yi kore, bisashe su ci ƴaƴansa.

Manoma, gawon da kuka gani tsirara da damina bai mutu ba. Kada ku sare shi.