Yadda Ake Juyin ADN Cikin Ƙwayar Halitta

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai ta juyi dukan rubutun gadon da ke cikinta, wato ADN, wanda masu Ingilishi ke ce wa DNA. Haruffan wannan rubutu huɗu ne kawai: A, T, G da C. A ƙwayar ɗan Adam, ana juyin tagwayen haruffa wajen miliyar 6 a kowane rabo.

A 1953 ne Watson da Crick, da taimakon hotunan Rosalind Franklin, suka nuna cewa ADN igiya ce mai sili biyu a tuƙe. Kullum A yana fuskantar T, G kuma yana fuskantar C. Wanda ya karanta sili guda, ke nan, ya san abin da ke ɗayan. Idan lokacin juyi ya yi, wani sinadari mai suna helikas ya kan warware tufkar, sannan wani, folimeras, ya bi kowane sili yana jera masa sabon abokin tufka, harafi bayan harafi. A ƙarshe a sami igiya biyu, kowace da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya. Meselson da Stahl suka tabbatar da haka a 1958 a Amurka.

Aikin yana da gargada. Folimeras fuska ɗaya kaɗai yake tafiya, silin biyu kuwa sun ba juna baya. Saboda haka sili guda ake yi masa aboki gaba ɗaya, ɗayan kuma guntu-guntu, daga baya a liƙe. Reiji da Tsuneko Okazaki na Japan suka gano guntayen a 1968.

Folimeras yana duba bayansa kamar mai juyin littafi: in ya sa harafin da bai dace ba, ya cire, ya sake. Wasu sinadarai su bi sawu su gyara saura, har kuren da ya tsira ba ya wuce ɗaya cikin miliyar guda. Amma wanda ya tsira ya zama asali, da shi za a yi ta juyi, in kuwa cikin ƙwayar haihuwa ya auku, ƴaƴa su gada. Ciwon sikila, wanda iyalai da yawa na Nijar suka san raɗaɗinsa, harafi ɗaya ne tushensa: T ya zauna a gurbin A cikin umurnin ƙera hemogulobin na jini. Yaron da ya gaji wannan harafi daga uwa da uba duka, shi ne ciwon ke kamawa.