Littattafan Doctor Who da Matsalar Daidaiton Labari

Littafin rakiya ƙagaggen labari ne da ake rubutawa da izinin masu wani fim ko shirin talabijin, a ɗauko taurarin da masu kallo suka sani a ba su sabuwar tafiya a kan takarda. Marubucin irin wannan littafi aro yake yi. Ba shi ya ƙirƙiri taurarin ba, ba shi ya shimfiɗa duniyar da suke ciki ba, kuma ana sa ran abin da ya rubuta ba zai ci karo da abin da aka riga aka nuna ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne daidaiton labari: wanda ya mutu a kashi na uku kada a gan shi yana shan shayi a kashi na tara ba tare da bayani ba. Sharaɗin yana da wuyar kiyayewa a kowane labari mai tsawo, amma wuyarsa takan ninka idan tauraron yana iya komawa jiya ko ya tsallaka shekara dubu gaba. Babu inda aka fi ganin haka kamar littattafan Doctor Who na Ingila.

Gidan talabijin na BBC ya fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Tauraronsa, wanda ake kira Dokta kawai, baƙo ne daga wata duniya mai suna Gallifrey, yana ratsa zamani da sararin samaniya a wani jirgi, TARDIS, wanda daga waje ya yi kama da shuɗin ɗakin wayar 'yan sanda. Kusan kullum yana tare da abokin tafiya ɗaya ko biyu. Idan jikinsa ya gaza sai ya sabunta, ya fito da wata fuska da wani hali, dabarar da aka ƙirƙiro a 1966 lokacin da William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dokta, ya bar shirin saboda rashin lafiya.

Tun kafin littattafai su yawaita, shirin kansa bai damu da tufka da warwara ba. An ba da bayani uku mabambanta game da halakar tsibirin Atlantis, a 1967 da 1971 da 1972. Haka kuma har yau masoya shirin ba su daddale shekarun da labaran rundunar UNIT suka faru ba: a wani shiri na 1975 abokiyar tafiyar Dokta, Sarah Jane Smith, ta ce daga 1980 ta fito, amma wani na 1983 ya nuna cewa Birgediya Lethbridge-Stewart, wanda ta sani yana bakin aiki a rundunar, ya yi ritaya tun 1976. Marubutan lokacin suna rubuta abin da za a kalla sau ɗaya ne a wuce, babu kaset, maimaici kuma ba kasafai ba. Littafin farko ma, wanda David Whitaker ya rubuta a 1964 a kan labarin Dalek, maƙiyan Dokta, ya sauya yadda Dokta ya haɗu da abokan tafiyarsa Ian da Barbara gaba ɗaya. A talabijin malaman makaranta ne da suka bi ɗalibarsu gida. A littafin, haɗarin mota ne ya haɗa su cikin hazo a filin Barnes. Daga 1973 kamfanin Target ya ci gaba da mayar da shirye-shiryen littattafai, Terrance Dicks shi kaɗai ya rubuta sama da 60, kuma da yake BBC ta goge faya-fayen tsofaffin kashi-kashi da dama, ga yara masu yawa abin da ke cikin littafin shi ne labarin.

Al'amarin ya ɗauki sabon salo da aka dakatar da shirin a 1989. Kamfanin Virgin ya sami lasisin ci gaba da labarin daga inda talabijin ya tsaya, ya fara a 1991 da Timewyrm: Genesys na John Peel, ya fitar da littattafai 61 zuwa 1997. A wannan tsakani littattafan sun daina rakiya sun koma jagora, domin babu wani shirin da za su bi a baya. Wannan ya ba marubuta damar da mai aro ba ya samu, wato su sauya taurari sauyin da ba ya komawa.

Ace, abokiyar tafiyar Dokta na bakwai, ita ce ta fi ɗanɗana wannan dama. A talabijin yarinya ce 'yar shekara 16 daga unguwar Perivale a yammacin Landan, mai saurin fushi, mai son haɗa abin fashewa. A littafin Love and War na Paul Cornell, 1992, Dokta na bakwai ya yi amfani da saurayinta Jan wajen karya abokan gaba, saurayin ya mutu, Ace ta rabu da Dokta cikin ɓacin rai. Da ta dawo a Deceit, 1993, ta shafe shekara uku tana yaƙin Dalek, ta zama soja mai taurin zuciya. A wajen Dokta ɗan lokaci ne ya wuce, a wajenta shekaru ne, kuma irin wannan giɓi labarin ratsa zamani ne kawai ke iya samar da shi cikin sauƙi. Masu karatu sun rabu biyu a kanta. Wasu sun ga girma ne da ya dace da wadda aka yaudara, wasu suka ce sunan ne kawai ya rage. Ƙorafin nan na biyu ya nuna abin da mai karatu ya fi kula da shi. Zai iya kawar da kai idan an yi kuskuren shekara, amma ba ya yafewa idan tauraron da ya sani ya yi abin da ba halinsa ba ne, ba tare da an nuna abin da ya kai shi ga haka ba.

A littafin da Ace ta tafi aka shigo da Bernice Summerfield, masaniyar tono kayan tarihi daga ƙarni na 26, babbar mace mai barkwanci da son giya, mai rubuta abin da ya same ta a kundinta sannan ta manna gyara a kan abin da ba ta so ta tuna. Babu fuskar wata 'yar wasa da aka ɗaure ta da ita, don haka marubuta suka sami sarari. A 1995 aka ƙara Roz Forrester da Chris Cwej, jami'an tsaro daga ƙarni na 30. Mutuwar Roz ta zo da wata tangarɗa da ba a shirya ba. Littafin da ta mutu a ciki, So Vile a Sin, ya kamata ya fito a ƙarshen 1996, amma ya makara har Kate Orman ta kammala abin da Ben Aaronovitch ya fara, ya fito a 1997. Kafin nan littattafan da ke bayansa sun fito, taurari suna makokin mutuwar da masu karatu ba su gani ba tukuna.

Akwai rukuni na biyu da Virgin ta fara a 1994, wanda ke cusa sababbin labarai a tsakanin tsofaffin kashi-kashin talabijin. A nan hannun marubuci a ɗaure yake. Dole ya mayar da kowa inda ya same shi, da tufafinsa da abin da ya sani, kamar mai ɗinkin ƙwarya da ake so ya haɗa tsaga ba tare da an ga zare ba. Jarabar da ke tattare da wannan aiki ita ce a mayar da littafi wurin gyaran tsofaffin kurakurai. Misalin da aka fi ambata ya fito ne bayan BBC ta karɓe lasisinta: a War of the Daleks, 1997, John Peel ya yi dogon bayani don ya nuna cewa duniyar Dalek, Skaro, da aka ga ta tarwatse a shirin 1988 ta bogi ce. Bayanin ya toshe rami ɗaya, amma ya zubar da nauyin labarai da dama da suka gabata, kuma wanda bai haddace su ba babu abin da zai tsinta a ciki.

Wasu marubutan sun bi akasin wannan hanya, suka mayar da saɓanin kansa abin ba da labari. A Alien Bodies, 1997, Lawrence Miles ya kai Dokta na takwas wurin gwanjo inda kayan da ake sayarwa gawarsa ce ta nan gaba, ya kuma ƙirƙiro wata ƙungiya, Faction Paradox, wadda sana'arta lalata tarihi. A Interference, 1999, ya sa Dokta na uku ya mutu a wani wuri dabam da wanda aka nuna a talabijin a 1974, da gangan, don tarihin tauraron ya zama abin da maƙiyi zai iya kai wa hari. Wannan ita ce fa'idar da labarin ratsa zamani yake da ita a kan sauran: idan bayani biyu suka saɓa, ana iya cewa duka sun faru, wani ne ya taɓa tarihi a tsakani. Sai dai dabarar tana da tsada, domin idan komai na iya gogewa, mai karatu zai fara tambayar dalilin da zai damu da mutuwar kowa.

Asalin Dokta ma bai tsira ba. Lungbarrow na Marc Platt, 1997, ya ce mutanen Gallifrey ba haihuwarsu ake yi ba, saƙa su ake yi a wata na'ura, alhali fim ɗin talabijin na 1996 ya riga ya ce mahaifiyar Dokta 'yar Adam ce. A 2000 littafin The Ancestor Cell ya sa Dokta ya halaka Gallifrey da hannunsa. Da shirin ya dawo a 2005 ƙarƙashin Russell T Davies, wanda shi ma ya rubuta wa Virgin littafi a 1996, an sake cewa Gallifrey ta halaka, amma a yaƙi da Dalek, ba a ambaci littafin ba. A 2013 kuma aka nuna ashe an ɓoye ta ne.

Abin da ya ba da damar wannan cakuɗa shi ne BBC ba ta taɓa fitar da jerin abin da ya inganta da wanda bai inganta ba. Masu Star Wars sun yi haka a Afrilun 2014, suka ware tsofaffin littattafansu gefe guda da sunan Legends. A Doctor Who kowane marubuci yakan ɗauki abin da ya yi masa. Human Nature, littafin Cornell na 1995 inda Dokta na bakwai ya zama mutum mai suna John Smith, malamin makaranta a Ingila ta 1914, ya kamu da son Joan Redfern, an mayar da shi shirin talabijin a 2007 da Dokta na goma, aka koma 1913, Martha Jones ta maye gurbin Bernice. Babu wanda ya yi bayanin yadda abu ɗaya ya sami mutum ɗaya sau biyu, kuma hakan bai hana a lissafa shi cikin fitattun labaran shirin ba.

Littattafan da BBC ta riƙa fitarwa daga 2005 sun koma matsayin rakiya: kowanne yana tsaye da ƙafarsa, ba ya kashe tauraro, ba ya sauya halinsa, domin talabijin ya karɓi ragama. Taurarin da aka haifa a takarda kuwa makomarsu ta bambanta. A gajeren shirin The Night of the Doctor na 2013, Dokta na takwas ya ambaci sunayen abokan tafiyarsa na wasannin murya na kamfanin Big Finish, bai ambaci Sam Jones ko Fitz Kreiner na littattafai 73 da aka rubuta a kansa ba. Bernice kuwa, da yake ba mallakar BBC ba ce, ta ci gaba da littattafanta ba tare da Dokta ba har 1999, Lisa Bowerman ta fara ba ta murya a 1998, kuma a 2015 Gary Russell ya haɗa ta da Dokta na goma sha biyu a littafin Big Bang Generation.