Ko Kun Sani? Kunkurun da Ya Koyar da Lissafi a Dakar

A 1982 aka kai kwamfutocin Apple II birnin Dakar, inda 'yan firamare suka riƙa ba wani "kunkuru" umarni da harshen Logo, yana zana musu siffofi a allo. Logo ya samo asali daga Lisp, harshen sarrafa alamomi na John McCarthy na 1958, kuma Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, na cikin waɗanda suka tsara shi a 1967. Wani zai ce ai cibiyar Faransa da ta ɗauki nauyin aikin ta rushe, me yaranmu za su tsinta? Dabarar ba ta dogara da na'ura ba. Papert ya kasance yakan sa yaro ya zama kunkurun da kansa: ya yi taku goma, ya juya digiri 90, sau huɗu, murabba'i ya fito.