Abubuwan da ya kamata ka sani game da hawan bishiya da datse rassa a Damargu

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, kula da manyan bishiyoyi sana'a ce mai zaman kanta. Sau da yawa mai yin ta yana samun horo, ya ci jarrabawa, ya mallaki igiyoyi da hular kwano kafin a ɗauke shi aiki. A Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram a Nijar, aikin ya rarrabu ne a hannun mutane da yawa. Makiyayi na yi, manomi na yi, mai sayar da itacen girki na yi, yara ma na yi. Kayan aikinsu gatari ne da adda da maƙata, wato doguwar sandar nan mai ƙugiya a kai. Hatsarin dai iri ɗaya ne a ko'ina, haka kuma yadda bishiya ke ɗaukar rauni.

Mene ne aikin

Datse rassa shi ne rage wa bishiya wani sashe a bar ta da rai, saɓanin sara daga gindi. Ana yin sa don samar wa dabbobi ganye da 'ya'yan itace, ko don samun dirka da ƙota da ƙayar shinge, ko don gyaran bishiyar kanta. A gyara ake cire busasshen reshe, da wanda kauci ya kama, da wanda ya rankwafo a kan ɗaki. A cikin garuruwa irin su Tanut da Belbeji, dogon yaro ne aka fi yi wa irin wannan gyara, domin yana saurin girma ya kai kan rufin kwano da wayar lantarki.

Abin da ke sa a hau

Damargu tana kan iyakar noma da kiwo. Ruwan sama da wuya ya wuce milimita 350 a shekara, kuma yana raguwa in aka nausa arewa wajen Agadas. Iyakar noma ta arewa a Nijar, wadda dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata, ta ratsa wannan yanki. Idan bazara ta yi nisa, daga Afrilu zuwa Yuni, ciyawa ta ƙare, kara da harawa sun yi tsada, abin da ya rage kore yana saman bishiya. Kandili da aduwa da jiga da magarya su ke riƙe awaki da raƙuma har ruwa ya sauka.

Gawo ya fi su duka daraja a inda yake fitowa, musamman a kwaruruka da kudancin yankin. Ɗabi'arsa ta saɓa wa ta sauran: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda shi ne babban abin da ke cikin takin zamani. 'Ya'yansa masu launin ruwan goro suna nuna da sanyi zuwa farkon zafi, ana kai su kasuwa a buhu. Babban gawo yakan haura mita 15, kuma 'ya'yan da ganye mai taushi suna can a ƙarshen rassa, inda reshe ya fi siranta. Abin da ake nema ke nan yake a wurin da ya fi hatsari.

Yadda bishiya ke ɗaukar rauni

Fatar mutum tana warkewa ta maye abin da ya yanke. Bishiya ba ta iya haka. Abin da take yi shi ne killace wurin da ya ji rauni daga ciki don ruɓa kada ta bazu, sannan sabon ɓawo ya taso daga gefe-gefe ya rufe bakin a hankali. Wani masanin gandun daji ɗan Amurka, Alex Shigo, shi ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a shekarun 1970, bayan ya tsaga gungume masu yawa ya duba cikinsu.

A gindin kowane reshe, daidai inda ya haɗu da jikin bishiya, akwai ɗan kumburi kamar zobe. A nan ƙarfin rufe rauni yake. Idan aka yanka dab da bayan zoben aka bar shi lafiya, bakin yana rufewa. Idan aka shafe reshen har cikin jiki, an cire zoben, ruɓa ta samu ƙofa. Idan kuma aka bar dogon guntu, sai ya bushe ya zama hanyar gara da ƙwari zuwa tsakiyar bishiya. Yawancin kogunan da ake gani a jikin tsofaffin bishiyoyi daga irin wannan sara suka faro, shekaru masu yawa da suka wuce.

Akwai wata ɗabi'a da ake gani a makiyaya wadda ta fi kowace illa: a sari reshe rabi, a janyo shi ya karye ya rataya don dabbobi su kai gare shi. Reshen yana yage ɓawo har ƙasa. Tun da abincin da ganye ke sarrafawa a ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa, doguwar yagewa tana datse wannan hanya. A ƙasa mai ruwa bishiya na iya farfaɗowa cikin damina biyu. A Damargu, inda girma ke tafiya a hankali, sau da yawa gefen nan ya mutu ke nan.

Yadda ake yanke reshe

Reshe mai nauyi ana sauke shi da yanka uku. Na farko daga ƙasa ake yin sa, kamar taƙi biyu daga jikin bishiya, a shiga kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasa shi ke hana ɓawo yagewa. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, dab da bayan zoben. Zarto ya fi gatari tsabtar yanka, amma gatari mai kaifi ma yana yi in aka daidaita bakin yadda ruwa ba zai kwanta ba. Dakusasshen ƙarfe farfasa itace yake yi, yana kuma zamewa.

Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi cewa bai kamata a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda ba, kuma a bar tsakiyar kai. Gawon da aka yi wa ƙwal-kwabo yakan ɗauki shekaru bai ba da 'ya'ya ba, don haka ganyen yini ɗaya ya cinye buhunan baɗi da na baɗin baɗaɗa. Rassan da ke tohowa da yawa a bakin irin wannan sara suna da rauni a haɗarsu, su ne kuma suke ɓallewa da mai hawa daga baya. Shafa man juye ko fenti a bakin yanka ba ya hana ruɓa.

Abin da ke kayar da mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Bayan haɗarin hanya, ita ce ta biyu a haɗurran da ke kisa. Wanda ya faɗo daga mita 5 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya, da gudun kusan kilomita 35 a awa. Babu lokacin kama wani reshe.

Abu na farko da ke yaudara shi ne reshen da ya ruɓe daga ciki alhali ɓawonsa na nan kalau. Kafin a hau, ana zagaya bishiya a duba: tsagewa a inda rassa biyu suka rabu, ginin gara a jiki, rami, garin itace a gindi. A ƙwanƙwasa da bayan gatari, lafiyayyen itace sautinsa a cike yake, ruɓaɓɓe kuwa yana amsawa fayau. A kuma ɗaga kai a tsaya kallo na ɗan lokaci, domin zuma da rina a kogo suke zama, kuma wanda suka taso wa a sama sakin hannu yake yi.

Na biyu shi ne nauyi. Ɗanyen reshe mai kaurin santimita 20 da tsawon mita 3 yana iya kai nauyin buhun gero. Lokacin da ya rabu da bishiya, reshen da mutum ke tsaye a kai yakan yi tsalle sama, gindin wanda aka yanke kuma yakan dawo baya ya bugi ƙirji ko ƙafa. Shi ya sa ake tsayawa a sama da wurin yanka ko a ɗaya gefen gangar bishiya, ba a ƙarƙashinsa ba. Sauran dalilai sanannu ne: iskar hunturu, guguwar farkon damina, jirin zafi da ƙishirwa da tsakar rana, babbar riga ko rawanin da ƙaya ke kamawa, da silifas. Ƙayar aduwa doguwa ce mai tauri, tana huda tafin ƙafa.

Ƙa'idar hawa ita ce gaɓoɓi uku cikin huɗu su kasance a riƙe da bishiya a kowane motsi, kuma a taka kusa da gindin reshe. Ba a hawa da gatari a hannu. Ana ɗaure shi da igiya a janyo bayan an zauna daram. Tun da sara na cin hannu biyu, dole jiki ya samu abin da zai riƙe shi. A Ingila ƙa'idar masu wannan aiki a yau ita ce igiya biyu, kowace da nata maɗauri, don in ɗaya ta yanke ɗaya ta riƙe. Wanda ba shi da irin kayansu zai iya zagaya gajeruwar igiya mai ƙarfi a gangar bishiya sama da ƙugunsa, ya ɗaure ta ba sako-sako ba, a gefen da gatari ba ya bi. Igiyar ta hana shi zamewa ne tun farko. Doguwar igiya a ciki kawai tana iya yi wa mutum lahani in ya faɗa ta fizge shi. Igiyar leda da ta sha rana har ta fara gari ba abin dogaro ba ce.

Ya kamata a samu mutum a ƙasa, yana korar yara da dabbobi daga inda reshe zai sauka. Awaki da jin ƙarar gatari suke rugowa gindin bishiya, masu kiwon su na biye. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa aikin ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na NIGELEC ne, domin ɗanyen itace yana ɗaukar wuta.

Idan an faɗo

Abin da aka saba yi shi ne a ɗaga mutum a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a miƙe masa gaɓoɓi. Idan ƙashin baya ko na wuya ya tsage, wannan motsi na iya taɓa laka ya shanye ƙafafu har abada. A bar shi kwance, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a tura ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, a ɗauke shi a haka ko da a amalanke ne. Ciwon wuya ko baya, mutuwar ƙafa, amai, suma ko ruɗewa alamu ne na a nufi asibiti kai tsaye kafin a yi zancen maɗori. Manyan raunuka asibitin ƙasa na Damagaram ake kai su, tafiyar kusan kilomita 150 daga Tanut. Sukar ƙaya mai zurfi da saran gatari na buƙatar wanki da allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora.

Doka da mallaka

Kare bishiya da doka ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Dokar gandun daji ta 1974 ta lissafa bishiyoyin da ba a taɓawa sai da izini, ciki har da gawo da aduwa da dakwara da goriba, sannan dokar 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbinta. Matsalar tsohon tsari ita ce manomi ya ɗauka bishiyar gonarsa ta gwamnati ce. Wanda ke tsoron tarar ma'aikatan gandun daji da asuba ko da duhu yake sara, cikin gaggawa, kuma gaggawa ce ke kawo mummunan yanka da faɗowa duka biyu. A 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka kan renon bishiyoyin da ke tohowa da kansu a gona, wadda ta amince da haƙƙin wanda ya rene su.

Sassaben zamani

Wannan reno shi manoma ke kira sassaben zamani. Ya bazu daga Maraɗi tun daga 1983, inda Tony Rinaudo, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sharewa a gona toho ne na kututturen da saiwarsu ke da rai. Bayan farin 1984 manoma suka rungumi hanyar, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman a Maraɗi da Magarya da Matamaye da Mirya. A Damargu sakamakon ya fi jinkiri, saboda ƙarancin ruwa da yawan dabbobin da ke shiga gonaki bayan kaka.

Yadda ake yi ba wuya. A kowane kututture a zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi miƙewa, a cire sauran. A share ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayi, da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A zagaye shi da ƙayar da aka yanke saboda awaki, a ɗaura masa ƙyalle don mai wucewa ya san yana da mai shi, a dawo bayan 'yan watanni a sake gyarawa. Duk wannan a tsaye a ƙasa ake yin sa. Bishiyar da aka daidaita tun tana kai ƙugu takan tashi da ganga ɗaya da rassa masu ƙarfin haɗa, kuma gonar da ke da matasan bishiyoyi da yawa tana ba da ganye da itacen girki a tsayin da adda da maƙata ke kaiwa.